Ragon Gudummawa

Mutum uku ne suka san inda Mahfuza za ta tafi ranar Litinin: ita kanta, da mahaifinta Daudu, da kakarta Inno. Sauran mutanen Unguwar Ɗorawa, wani ƙauye mai gida arba'in da 'yan kai a yammacin Wagini, an gaya musu ta sami aikin koyarwa a Kaduna.

Gaskiyar ita ce sojoji ne suka ɗauke ta. Shiri ne na waɗanda suka riga suka yi digiri a fannin kimiyya. Za a koya musu aikin jinya a shekara biyu maimakon biyar, rundunar ta biya kuɗin karatu da abinci da wurin kwana, sannan a ba su horon soja su fito da muƙamin laftanar, su yi wa rundunar aiki na shekarun da aka ƙayyade. Mahfuza ta karanta ilimin halittu a jami'ar Dutsin-Ma. Tun da ta gama take zaune a gida, sai ɗan taimakon da take yi a wani asibitin sha-ka-tafi ba albashi. Ta nemi shirin ta waya, aka kira ta Katsina, aka yi mata jarrabawa, aka sa ta gudu, aka auna ta. Sunanta ya fito.

Kowa a yankin zai gane dalilin ɓoye zancen. Tun bara ƙauyukan wajen suke zaman sulhu da mutanen daji. Su sun yarda a yi noma. Ƙauye ya yarda su shigo cefane da sallar Juma'a da bindigoginsu a kafaɗa, kuma kada kowa ya kai labarinsu wurin jami'an tsaro. Gidan da ke da ɗa mai kaki, a wurinsu gidan masu kai labari ne. A wani ƙauye ta wajen Tsaskiya, da suka ji wani saurayi ya shiga ɗan sanda, ubansa suka zo suka ɗauka, har yau ba a gan shi ba.

Bana ne karon farko cikin shekaru da Daudu ya nome gonarsa ta nesa. Gero ya fitar da kai, wake ya yi yaɗo. Bafulatani ne da iyayensa suka zauna gari tun yana yaro, shanunsa kuma an kore su tun farkon rikici, saura 'yan ƙalilan. Abin da gidan zai ci shekara yana cikin wannan gonar.

Mahfuza 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta Inno ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Daudu bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar Inno, kuma ba ya zancenta a gaban manya. Ranar da ta gaya masa sojoji sun ɗauke ta, yana tufka igiya ne. Bai ɗago kai ba ya ce, "Allah ya sa alheri. Kada kowa ya ji."

Inno ta yi alkawari, kuma a ganinta ta cika. Ba ta gaya wa maƙwabta ba, ba ta gaya wa matan da take haɗuwa da su a rijiya ba. Sai dai tun da take, ba wanda ya taɓa barin gidanta zuwa tafiya mai nisa ba a yi masa addu'a a masallaci ba. Ranar Alhamis ta daka gumba, ta sayi goro, ta rufe ƙwarya da faifai ta nufi gidan Liman Sammani. Ya tambaye ta buƙatar da za a roƙa. Inno ba ta ga yadda za a roƙi Allah da zancen ƙarya ba, sai ta rage murya ta gaya masa. Ba ta ce ya ɓoye ba, don ta ɗauka ɗanta ya riga ya yi masa bayani.

Daudu ya ga fitarta da ƙwaryar, ya kuma san inda za ta. Bayan la'asar ya tafi ƙofar masallaci da niyyar ya ce wa Liman ya yi addu'ar shi kaɗai. Ya tarar da dattawa sa'annin mahaifinsa zaune a tabarma. Ya gaishe su. Aka yi zancen ruwa, aka yi zancen tsadar taki. Ya jira su tashi, ba su tashi ba. Ya kasa buɗe baki ya ambaci sha'anin 'yarsa ta fari a gabansu. Da aka kira magariba ya yi salla ya koma gida, yana cewa a ransa Liman dattijo ne, zai gane.

Liman Sammani ya haura saba'in. Bai taɓa ganin ɗan ƙauyen da ya zama hafsa ba, abin ya yi masa daɗi. Ranar Juma'a, bayan an sallame, ya riƙe abin maganar lasifikar da ke aiki da hasken rana, ya fara jero masu neman addu'a kamar yadda ya saba: marasa lafiya, masu ciki, damina ta ƙare lafiya.

Mahfuza tana shanya kayan da ta wanke a tsakar gida ta ji sunanta ya fito daga saman masallaci.

"Sannan Inno ta gidan Daudu ta kawo sadaka. Jikarta Mahfuza sojoji sun ɗauke ta karatun jinya, za ta fito hafsa. Abin alfaharinmu ne duka. A yi mata Fatiha."

A sahun baya akwai mutanen daji shida, sun jingine bindigogi a bangon waje wani yana gadi. Suka ɗaga hannu tare da jama'a, suka shafa.

Mahfuza ta shiga ɗaki da jiƙaƙƙen zane a hannu. Inno tana kan buzu da carbi.

"Inno, kin ji?"

"Na ji. Ni ban gaya wa kowa ba. Liman na gaya wa."

"Liman ba mutum ba ne?"

"Liman ne," in ji Inno. Ta ci gaba da jan carbin, amma ba ta ƙara kallon jikarta ba.

A ƙauyen, labari irin wannan kan cika gida da mata masu barka kafin la'asar. Ranar ba wadda ta shigo. Maƙwabciyarsu Zuwaira, da ke aiko a ɗebo mata wuta kullum da yamma, ba ta aiko ba.

Washegari da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida. Mai baburin, da bindiga a kafaɗa, ya kwance wani rago fari da ya ɗauro a baya, ya jawo shi ta zaure, bai jira an ce ya shigo ba. Surajo ne. A rugar bayan dutse aka haife shi, mahaifiyarsa Fanta da Inno sun yi shekaru suna kai nono kasuwa tare. Ajinsu ɗaya da Mahfuza a firamare har ya bari. Yanzu shi ne ke kai saƙon kachalla, shugaban mutanen dajin da ke riƙe da wannan ɓangaren.

"Salamu alaikum. Jam waali, Inno."

"Jam tan. Wa nake ji kamar mijina da ya gudu ya bar ni?"

"Ni ne, amarya. Na ga haƙoran sun ƙare, shi ya sa na gudu."

"Ja'iri. Da wannan sandar ƙarfen za ka shigo mini gida? Ajiye ta a zaure."

Surajo ya yi dariya. Bai ajiye ba. Ya durƙusa gaban Daudu ya gaishe shi yadda ake gaida uba: kwana, gajiya, iyali, shanu, damina. Daudu ya amsa kowace ɗaya.

"Baffa, kachalla ya ce a gaishe ka. Ya ce ba a kyauta masa ba, abin arziki ya samu a gidanka amma sai a lasifika yaransa suka jiyo masa. Ga gudummawarsa."

"Ai ba biki muke ba," in ji Daudu.

"Wane biki ya fi wannan? Ɗiyarmu za ta sa kaki." Ya waiwaya wajen ɗakin Inno. "Ina laftanar ɗin? Ko har an fara jan aji?"

Mahfuza ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Surajo ya miƙe, ya buga ƙafa, ya sara mata da hannun hagu.

"Ranki ya daɗe. Kin tuna lokacin da malam ke ba ki bulala ki zane ni in na kasa lissafi?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Hannunki ba sauƙi." Ya gyara igiyar bindigar a kafaɗa. "Za su koya miki cire harsashi?"

"Jinya ce. Allura, awon jini, kula da masu haihuwa."

"Jinyar soja dai. Kada ki maida ni yaro, Mahfuza. Wancan watan ƙanena Nazifi ya mutu. Ƙafa ce kawai, nan ƙasan gwiwa. Mai kemis ɗin da muka ɗauko ya yi ta zuba masa ruwan gishiri har ta ruɓe. Jiya da kachalla ya ji labari sai ya ce, ashe ga tamu nan. Gwamnati ta koya mata da kuɗinta. In ta zo hutu ta leƙo ta gaishe mu, kwana biyu ko uku, mu dawo da ita har ƙofar gida. Ba wanda zai taɓa ko mayafinta."

"Mai kemis ɗin fa?" ta tambaya.

Surajo ya dubi ragon. "A ba shi dusa, bai ci komai ba tun safe."

Ya sha ruwan da Inno ta miƙa masa, ya ce zai dawo gobe ya ji lokacin tafiya, ya fita.

Ba wanda ke tsakar gidan da ke buƙatar a fassara masa. Gudummawa ba kyauta ba ce. Wanda ya kawo maka a ranarka, kai ma za ka kai masa a ranarsa. Kuma ba a maida ta, sai in ana so a nuna wa mai ita an yanke zumunci.

Ragon yana ɗaure a turken jaki, kunnensa da tsagar da ba irin ta yankin ba. Rabin ƙauyen ya ga shigowarsa. Daudu ya san akwai samarin da ke da abokai cikin 'yan sa-kai a Batsari. In labari ya je cewa wani Bafulatani a Unguwar Ɗorawa yana karɓar rago daga kachalla, ba za a tsaya tambayarsa dalili ba.

Bayan azahar Liman Sammani ya zo da kansa. Ya zauna a zaure.

"Malam Daudu, tsufa ne ya yi mini magana jiya. Ka yafe mini."

"Ba komai, Malam. Ni ma na zo ranar Alhamis, ban faɗa ba."

"Na gan ka. Na ɗauka hira ka zo." Liman ya dubi turken ta ƙofar zaure. "Kada ya kwana da rai a gidan nan. Ka yanka, a raba sadaka gida-gida, kada a tsallake ko ɗaya. In kowane gida ya ci, ba gidan da zai kai labari Batsari."

Haka aka yi. Liman ya yanka, Daudu ya feɗe, aka kasa naman ƙanana-ƙanana a kan buhu. Kowane gida ya karɓa. An dawo da kwanonin a wanke, ba saƙon godiya ko ɗaya.

Mahfuza ta yi tunanin kiran lambar wayar da sojoji suka ba su a Katsina. Ta tuna kyaftin ɗin da ya yi musu tambayoyi, wanda ya ce duk wanda aka samu da alaƙa da mutanen daji, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Ta kuma san abin da zai biyo bayan kiran ko da an yarda da ita. Motocin sojoji biyu za su zo su wuni, su tafi kafin duhu. Sulhu ya ƙare ke nan, geron kuma ya zauna a gona. In ta tafi ta riƙa zuwa hutu, ta zama ma'aikaciyar kachalla cikin kakin gwamnati. In ta tafi ba ta dawo ba, Baffa ne a hannu.

Ranar Lahadi da safe ta ce wa Inno ta fasa tafiyar. Ta faɗa da ƙarfi yadda mahaifinta, da ke gyaran lauje a gindin rumbu, zai ji.

"Shekara nawa kina jiran wannan?" in ji Inno.

"Wata damar za ta zo."

"Ni na ɓata miki."

"Ba ke ba ce, Inno. Bari zancen."

Daudu ya ci gaba da wasa laujen. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yadda yarinyar ta gani."

Surajo ya dawo bayan la'asar. Wannan karon mutum biyu ne suka rako shi, suka tsaya a waje kan baburansu. Ya gaida Daudu, ya tsokani Inno a kan ta ƙi yi masa fura. Inno ba ta rama ba.

Mahfuza ta ce, "Ka gaya wa kachalla mun gode. Amma na fasa. Ba zan tafi ba. Zan ci gaba da zama a nan yadda nake."

Surajo ya dube ta, ya dubi turken.

"Ina ragon?"

"An yanka," in ji Daudu.

"An ci?"

"Sadaka aka raba."

"Wa da wa?"

Surajo bai jira amsa ba.

"Na ji a hanya, Baffa, tambaya kawai nake. Gida-gida aka bi. Garin nan duka ya ci." Ya tsuguna, ya dafa bindigar a ƙasa kamar sanda. "To a ina aka taɓa cin gudummawa sannan a ce an fasa biki? Jiya gida ɗaya ne ke da nauyinmu a kansa. Yau arba'in ne. Ni ban ce ku raba ba."

"Akwai karsana," in ji Daudu. "Ka tafi da ita. Ta fi ragon sau nawa."

"Haba Baffa. Shanu muka rasa? Kachalla bai san adadin nasa ba. Mai ɗinke mutum muka rasa." Ya juya wajen Mahfuza, muryarsa ba faɗa a ciki. "Ke kuma, zaman me za ki yi a nan? Abin da kika iya yanzu bai wuce na mai kemis ba. Tafi ki koyo. Ki dage, ki zo ta ɗaya kamar da. Mu masu haƙuri ne, shekara biyu ba wani abu ba ne."

"In suka gane, kashe ni za su yi ko su ɗaure ni."

"Wa zai gaya musu? Waɗannan?" Ya nuna katangar maƙwabta da haɓa. "Sun ci nama."

Inno ta ce, "Surajo, a bayana na goya ka ranar da Fanta ta yi zazzaɓi a hanyar kasuwa."

"Na sani, Inno. Shi ya sa ni aka aiko ba wani ba." Ya miƙe. "Gobe da safe za mu raka ta har bakin titi. Hanyar nan akwai ɓata-gari."

Ranar Litinin Daudu ya ɗaure jakarta a bayan babur. Inno ta rako ta zaure, ta damƙa mata ƙullin dakuwa, ta koma ciki. Ƙofofin unguwar duk a rufe suke, ko da yake rana ta fito. Babura uku na su Surajo suna jira a gindin ɗorawar bakin gari. Ɗaya ya shige gaba, biyu suka bi baya. Hanyar ta ratsa gonaki, gero ya fi tsayin mutum hagu da dama. Manoman da suka fito da wuri sun ga wucewarsu, suka sunkuyar da kai kan aikinsu.

A inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta masu rakiyar suka tsaya a cikin inuwa. Surajo ya ɗaga hannu.

"Allah ya tsare, laftanar. Baffa, muna nan, sai ka dawo mu koma tare."

A tashar Batsari motar Katsina saura mutum biyu ta cika. Daudu ya sauke jakar, ya miƙa wa kwandasta, ya tsaya a gefen tagar da Mahfuza ta zauna. Tayar motar yake kallo.

"Yaushe ne hutun farko?"

"Disamba, Baffa."

"Kada a zo."

"In ban zo ba, kai za su nema."

"Kafin nan an yanke gero, an tsince wake."

"Sai me?"

"Sai a ga wanda zai iya tashi daga garin."

"Inno ba za ta tashi ba."

"Na sani."

"Sauran gidajen fa? Su ina za su je?"

Wata mata da buhun barkono ta shigo, wani ɗan kasuwa ya biyo ta, kwandasta ya buga ƙofa. Direba ya ce a yi addu'a, fasinjoji suka shafa.

Da motar ta fita daga tasha Mahfuza ta waiwaya. Mahaifinta ya sayi fetur kwalba ɗaya a bakin hanya, ya tsaya har aka gama zuba masa, ya hau babur, ya juya ya kama hanyar Wagini.